Gasar harbin nesa da ƙaramar bindiga: harsashi da horo ne gaba da tsadar bindiga

Harsashin da ake kira .22 Long Rifle ya shigo kasuwa a Amurka tun 1887, kuma har yau yana cikin mafi ƙanƙanta da mafi arahar harsasan duniya. Dalmar da ke kansa ba ta kai giram 3 ba, kaurinta bai kai milimita 6 ba. Da shi ake koya wa matasa saiti a ƙungiyoyin harbi na Turai da Amurka, da shi kuma ake gasar mita 50 a wasannin Olamfik, inda tsakiyar allon da ake nema faɗinta milimita 10.4 ne kacal. A 'yan shekarun nan wani sabon salo ya kunno kai, wato harbin farantan ƙarfe tun daga kusa har zuwa mita 200 ko 300 cikin ƙayyadadden lokaci, maharbi yana ɗora bindigarsa a kan tsani, ko taya, ko ganga. Gasar NRL22 da aka fara a Amurka a 2017 da reshen ƙananan bindigogi na gasar PRS su suka yaɗa wannan salo, har aka kai ga gasar duniya ta farko a Italiya a 2023. Da wasan ya samu karɓuwa sai 'yan kasuwa suka shigo, suna nuna wa sabon shiga bindigogin dubban daloli kamar su ne mabuɗin nasara. Ra'ayina shi ne an juya jerin abubuwan. Mai haɗa ƙaramar bindiga don gasar nesa ya kamata ya fara da harsashi, sai madubin saiti, sai horo, ita kuwa tsadar bindigar ta zo a ƙarshe.

Dalilin yana cikin halin harsashin kansa. Wanda ake gasa da shi yana barin bakin bindiga da gudun kimanin mita 320 zuwa 330 a daƙiƙa, kuma tun daga fitarsa yake rage gudu. Idan an daidaita saiti a mita 50, a mita 100 zai sauka ƙasa da kimanin santimita 20, a mita 200 da kimanin mita ɗaya da rabi, a mita 300 kuwa da fiye da mita 4. Kafin ya isa mita 300 ya shafe sama da daƙiƙa guda a sama, iska tana tura shi yadda ta ga dama. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a sa'a tana iya kauce da shi da kimanin santimita 40 a mita 200. Duk waɗannan lambobi sun fi girman bambancin da ke tsakanin bindiga mai kyau da bindiga mai tsananin tsada nesa ba kusa ba. Wannan bambanci 'yan milimitoci ne a mita 50, alhali kuskuren lissafin tazara ko na iska santimitoci ne masu yawa. Hankali ya nuna a fara toshe babbar ɓaraka kafin ƙarama.

Babbar ɓaraka ta farko ita ce rashin daidaiton harsasai. Mai babbar bindiga yana iya cika kwansonsa da kansa, ya auna albarushi yadda yake so. Wannan ƙaramin harsashi kuwa a gefen gindin kwanson ake dukansa ya tashi, ba a sake cika shi, don haka maharbi ya dogara kacokan ga abin da masana'anta ta zuba. Bambancin gudu na mita 3 a daƙiƙa tsakanin harsashi da ɗan'uwansa ba a cika lura da shi a mita 50 ba, amma a mita 300 yana ɗaga harbi ko ya sauke shi da fiye da santimita 5. Shi ya sa ƙwararru ba sa tsayawa ga sunan kamfani, lambar zubi suke tambaya, domin zubi biyu na samfuri ɗaya suna iya nuna hali daban a bindiga guda. Kamfanin Eley na Ingila da Lapua na Finlan har wuraren gwaji suka buɗe, kamar na Lapua a jihohin Arizona da Ohayo, inda ake ɗaure bindigar mutum a gwada mata zubi daban-daban har a samu wanda suka dace, sannan ya sayi kwalaye masu yawa daga wannan zubin. Da bindiga ce ke yanke hukunci ita kaɗai, da waɗannan wurare ba su da aikin yi. Akwai kuma ruɗin cewa harsashi mai tsananin gudu ya fi dacewa da nesa. Gudun sauti kimanin mita 343 ne a daƙiƙa idan yanayi matsakaici ne, kuma harsashin da ya fita da gudun da ya ɗara wannan kaɗan zai faɗo ƙasa da shi a tsakiyar hanya, a daidai inda jan iska yake canzawa sosai. Iska ta fi kauce da irinsa, daidaitonsa kuma ya fi rauni. Masu gasa sun gwammace wanda bai kai gudun sauti ba tun daga farko.

Abu na biyu shi ne madubin saiti, kuma a nan ne rowa take da illa. Abin nema a madubi ya wuce ƙarfin kusanto da abu. Ana so idan an murɗa maɓallin ɗaga saiti ya tafi daidai gwargwadon da aka rubuta, idan an mayar da shi ya koma inda ya fito. Ma'aunin da yawancin masu wannan gasa suke aiki da shi ana kiransa mil, kuma mil ɗaya santimita 10 ne a mita 100. Harbin mita 300 yana bukatar ɗaga saiti da mil 14 ko fiye. Madubin da maɓallinsa ke kuskure da kashi 2 cikin 100 zai sa harbi ya kauce da kusan santimita 8 a wannan tazara, ko da maharbi bai yi laifin komai ba. Saboda yawan wannan ɗagawa ake ɗora madubin a kan mazauni mai ɗan gangara zuwa gaba, don maɓallin kada ya ƙure kafin a kai nesa. Dole kuma madubin ya iya fayyace abu tun daga mita 25 ko ƙasa da haka, tunda wasu farantan kusa suke kuma ƙanana ne ƙwarai. Sai ɗan ma'aunin ruwa irin na magina da ake liƙawa a jikin madubi, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Karkacewar bindiga da digiri ɗaya tak tana kai harsashi gefe da kimanin santimita 8 a mita 300, kuma ido shi kaɗai ba ya kama wannan karkata idan ƙasa ba a shimfiɗe take ba.

Ita bindigar abin da ake bukata daga gare ta a bayyane yake: bututu mai kyau, kunama mai saki a tsaftace ba tare da ja-in-ja ba, ƙota da ta dace da tsawon hannu da tsayin kuncin mai ita, da nauyin da ya daidaita ta yadda za ta zauna da kanta a kan jakar yashi. Bindigogi masu matsakaicin farashi irin su CZ 457 ta ƙasar Cek, da Tikka T1x ta Finlan, da Bergara B14R ta Sifen suna biyan yawancin waɗannan bukatu, abin da ya rage kuma ana gyara shi da ɗan ƙarin nauyi ko matashin kunci. Rarar kuɗin ta fi amfani idan aka sayi na'urar auna gudun harsashi, aka kuma tanadi littafin da za a riƙa rubuta ainihin inda harbi ya sauka a kowace tazara da kowane yanayi. Manhajar lissafi ta waya tana ba da kiyasi ne, sai an gwada a fili ake tabbatarwa, musamman da yake sanyi da zafi suna canza gudun wannan harsashi da kaurin iskar da yake ratsawa.

Sai horo, wanda ba a sayar da shi a kanti. Karanta iska daga motsin ciyawa, da ƙura, da rawar zafi da ake gani ta cikin madubi, ilimi ne da ba ya samuwa sai da yawan harbi da lura. A nan ƙaramar bindiga ta fi kowace: harsashinta yana da araha idan aka kwatanta da na manya, ba ta dukan kafaɗa, ƙararta kaɗan ce, bututunta kuma yana jure dubun dubatar harbi kafin ya gaji. Wannan ne ya sa masu gasar manyan bindigogi da yawa suke atisaye da ita, domin wahalar iska da suke sha a mita 200 da ita tana kama da wadda za su sha a tazara mai ninkin haka da babbar bindiga. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa a kan bindiga har ya rasa na harsashin atisaye ya yar da babbar fa'idar wasan da hannunsa.

Za a ce araha ba ta ado, kuma ga shi zakarun gasa kusan duka bindigogi masu tsada suke riƙewa. Gaskiya ne, kuma ba na musun cewa bindigar da gwani ya haɗa da hannu tana da ɗan fifiko. Sai dai wannan fifiko yana aiki ne tsakanin mutanen da suka riga suka daidaita a sauran fannoni, waɗanda maki ɗaya ko biyu ke raba su. Zakara ya sayi bindigar ne bayan ya ƙware, don ya tsinci ɗan abin da ya rage, wasu ma kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsu. Sabon shiga da ke kuskuren faranti saboda rawar jiki a kan tsani ko mantuwar murɗa maɓalli, canjin bindiga ba zai ƙara masa maki ko ɗaya ba. Wasu kuma suna cewa harbin mita 300 da irin wannan harsashi caca ce kawai, tunda a kowane kwali ana iya samun wanda zai kauce ba dalili. Ana samun hakan, amma gasa ba harbi ɗaya ba ce. Ana harba gommai, a manyan gasanni fiye da ɗari, kuma sa'a ba ta bin mutum ɗaya a kowane zagaye. Idan aka tara maki, wanda ya fi sanin harsashinsa da iskarsa ne ke fitowa.

Wannan magana ta shafi masu shirya gasa kamar yadda ta shafi maharba. NRL22 ta ware rukuni na musamman wanda aka ƙayyade wa iyakar farashin bindiga da madubi, tare da rukunin matasa da na mata, kuma wannan tsari yana cikin abin da ya jawo mata jama'a. Duk lokacin da aka sassauta irin wannan iyaka, ko aka tsara zagayen da sai mai tarin kayan tsada zai iya, ana rufe ƙofa ga matashi da ƙaramin ma'aikaci, waɗanda su ne gobe za su riƙe wasan. Kamata ya yi a tsare wannan rukuni da gaske, a kuma riƙa karrama zakaransa kamar yadda ake karrama na rukunin masu hali.

Mai karatu da ke zaune inda ƙarar bindiga ta zama abin fargaba yana da hujja idan ya ɗaure fuska ga batun wasa da bindiga. Amsata ita ce wannan wasa bai taɓa rayuwa a wajen doka ba. Birtaniya ta haramta yawancin ƙananan bindigogin hannu a 1997 bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane, amma harbin allo da doguwar bindiga .22 ya ci gaba a ƙungiyoyi masu rajista, ƙarƙashin lasisin 'yan sanda da sharuɗɗan ajiya masu tsauri. A filin gasa akwai jami'in tsaro mai ikon korar duk wanda ya juya bakin bindiga inda bai dace ba, komai matsayinsa, domin ƙanƙantar harsashin ba ta hana shi kisa, yana kuma iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya. Inda babu lasisi da fili mai kariya, babu wasan, kuma haka ya kamata. Inda kuwa doka ta ba da dama, shawarata ga mai son shiga ita ce ya sayi bindiga matsakaiciya mai inganci, ya sa kuɗi a madubin da ba ya ƙarya, ya nemo zubin harsashin da ya dace da bututunsa, sauran kuɗin da lokacin duka ya kai su filin atisaye.