Mai Bindiga Shi Ya Kamata Ya Tsare Daji

Kowace shekara, da an kau da amfanin gona, hunturu ya kama, sai ka ji gangar farauta ta tashi. Samari su kan cika motoci da karnuka da sanduna da bindigogi, su yi kwana da kwanaki a dawa, sa'an nan su komo da 'yan zomaye da gafiya, in an yi sa'a da gada guda. Dattawan da ke zaune a ƙofar gida kuwa sai su yi ta kaɗa kai, gama sun san lokacin da mutum ba ya yin tafiyar yini bai ga garken barewa ko gwanki ko kanki ba. To, jama'a, ina naman ya tafi? Kuma laifin wane ne?

Masu shiga daji iri biyu ne. Akwai maharbi, wanda harbi sana'arsa ce ta gado, yana ƙarƙashin Sarkin Baka, ya san sawu, ya san iska, ya kan ɗaura kan burtu a goshi ya yi rarrafe har ya kusanci nama. Akwai kuma mai farauta don sha'awa, watau ma'aikaci ko attajiri ko saurayin birni, wanda tukunyar gidansa ba ta jiran abin da zai kaso. Maganata yau galibi a kan na biyun ta ke. Ni a ganina farautar sha'awa ba abin zargi ba ce, tana koya wa mutum haƙuri da jimiri da sanin ƙasarsa. Amma wanda ya ke kisa don nishaɗi, shi ya fi kowa cancantar ya biya kuɗin tsaron abin da ya ke kashewa.

Bari mu fara da bindigar kanta, don mutane da yawa su kan ɗauka duk ɗaya ce. Ta farko ita ce bindigar toka, wadda maƙeranmu ke ƙerawa, a ɗura mata albarushi ta baki, a bi da darma ko guntayen ƙarfe, a danna da tsumma. Harbi ɗaya ta ke yi, kuma ba ta cin nesa. In maƙeri ya yi ha'inci a ƙarfe, ko mai ita ya cika mata albarushi, ta kan fashe a hannu. Ta biyu ita ce mai baki ɗaya ko biyu, wadda harsashinta ke watsa ƙananan ƙwayoyin darma. Wannan ta tsuntsu ce da zomo, bayan taku arba'in ko hamsin ƙarfinta ya ragu ƙwarai. Ta uku ita ce raifal. A cikin bututunta an yanka waɗansu layuka masu murɗewa, su ne ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, ya tafi sak, har ya kā da dabba daga yadi ɗari biyu ko uku. Irin su .303 na Ingila, wadda tsofaffin sojanmu suka riƙa a yaƙin Bama, da ƙirar Mauser ta Jamus ta 1898, da .375 wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar cikin 1912 domin manyan namun daji. Lambobin nan ma'aunin faɗin bakin bindiga ne bisa inci.

Abin da ya sa na kawo wannan bayani shi ne, kowace dabba da bindigar da ta dace da ita. Wanda ya harbi ɓauna da harsashin tsuntsu bai kashe ta ba, ya dai raunata ta, ta tafi ta mutu a sarƙaƙiya bayan kwanaki, ko ta huce a kan wani manomi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wanda kuwa ya harba raifal bai duba abin da ke bayan naman ba, to, harsashinsa yana iya wuce mil guda ya sami makiyayi. Saboda haka ne dokar Ingila ta 1963 ta hana harbin barewa da raifal da bakinta bai kai .240 ba, ta hana harbinta da dare, ta kuma yanka watannin da ba a taɓa ta. A Jamus ba a ba mutum takardar farauta sai ya ci jarrabawa a kan halin dabbobi da dokoki da riƙon bindiga, ya kuma nuna ya iya saiti.

Mu ma ba mu rasa doka ba. Dokar bindigogi ta 1959 ta raba makamai aji uku. Na yaƙi an hana kowa sai da iznin shugaban ƙasa. Raifal ta farauta da mai baki biyu lasin ɗinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka kuwa Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da nata. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 kuma ta jera dabbobin da ba a kashewa sam, da waɗanda sai da lasin. Tun 1956 aka keɓe dajin Yankari, aka buɗe shi ga masu ziyara cikin 1962. Duk da haka, yau in kana son ɗanka ya ga giwa ko gwanki a ƙasar nan, kusan sai ka kai shi irin waɗannan gandaye. Ashe rubuta doka dabam, tsare ta dabam.

A nan ne labarin Amurka zai amfane mu, gama su ma sun taɓa shiga halin da mu ke ciki. A ƙarni na 19 masu harbi don kasuwa sun kusa share musu daji. Wata irin kurciya da ta kan rufe rana in ta tashi, ta ƙare ƙaf, ta ƙarshe ta mutu a gidan dabbobi na Sinsinati cikin 1914. Barewarsu mai farar wutsiya ta ragu har ta koma wajen rabin miliyan ko ƙasa da haka a 1900. Waɗanda suka fara kuka kuwa masu farautar sha'awa ne, irin su Theodore Roosevelt wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Su suka nemi a hana farautar kasuwa, a yanka lokaci, a ƙayyade yawan abin da mutum zai kashe. Cikin 1937 aka yi dokar Pittman da Robertson, wadda ta ce harajin da a ke karɓa a kan bindigogin farauta da harsashi, wanda yau ya ke kashi 11 cikin ɗari, a raba wa jihohi domin gyaran daji. Kuma aka sa sharaɗi mai ƙarfi: jihar da ta karkatar da kuɗin lasin ɗin farauta zuwa wani aiki dabam ba ta samun rabonta. Yanzu ana ƙiyasta barewar nan ta kai wajen miliyan 30, alhali kowace shekara ana harbin miliyoyi.

Kada wani ya ce ai wannan sai ƙasar Turawa. A Kure ta Nijar, gabas da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har suka koma 49 cikin 1996. Da aka hana taɓa su, aka kuma sa mutanen ƙauyukan cikin tsaron, a cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600. Daji yana farfaɗowa in an ba shi numfashi.

Abin da na ke roƙon hukuma ke nan. Da fari a yanka watannin hani, musamman lokacin da dabbobi ke da ciki ko goyo, a kuma sanar ta bakin hakimai da dagatai da rediyo. Na biyu, a hana farauta da wuta da fitilar goshi da mota, gama waɗannan ba gwaninta ba ce, shara ce. Na uku, kada a ba mai sha'awa lasin sai an gwada shi, kuma Sarakunan Baka su zauna cikin masu gwajin, tun da da tsohuwar zuma a ke magani. Na huɗu, wanda ya fi duka, kuɗin lasin ya shiga asusu na musamman wanda ba a taɓawa sai don albashin masu gadin daji da kayan aikinsu. Maharbin ƙauye mai bindigar toka a sauƙaƙa masa, mai raifal da madubin hangen nesa ya biya da nauyi.

Na san za a ce mini, a wannan zamani da 'yan bindiga suka mamaye dazuzzuka, wa ke da zarafin zancen barewa? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba na kira a ƙara yawan bindigogi a hannun jama'a ba ne. Amma a tuna, ɗan fashi ba ya zuwa neman lasin. Dajin da ba mai gadi, ba mai rajista, ba wanda ya san mai shiga da mai fita, shi ne ya ke zama maɓoyar ɓarayi. Maharbin da sunansa ke littafi, lambar bindigarsa ke kan takarda, hukuma ta san shi, shi ma ya sami abin da zai nuna a hanya in an tsare shi.

Saura ku, masu sha'awar farauta. Kada ku jira Gwamnati ta tilasta muku. Ku haɗa kanku, ku yi alkawarin barin mace mai goyo, ku bar harbin abin da ba ku tabbata za ku kayar da harbi ɗaya ba, ku tona asirin mai sa wa daji wuta. In kun yi haka, jikokinku za su gāji bindigar su kuma tarar da abin da za su bi da ita. Allah ya sa mu gane, amin.