Dutsen Zuma Ba Wurin Ɗaukar Hoto Ba Ne Kawai

A hutun da ya wuce na shiga mota daga Kaduna zuwa Abuja. Da muka kawo Madalla, Dutsen Zuma ya bayyana a gabanmu, sai kowa ya zaro wayarsa yana ɗaukar hoto. Wani saurayi da ke kusa da ni ya ce, "Alhamdu lillahi, mun iso Abuja." Wani dattijo a bayanmu ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ai Abuja ta ainihi mun baro ta a baya." Motar ta yi tsit, domin babu wanda ya gane nufinsa. Ni ma da nake tinƙaho da karatun Hausa a jami'a, kunya ce ta rufe ni. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ya kai ɗan'uwana ɗalibi, garin da muke kira Suleja a yau shi ne Abuja ta asali. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa, ya yo kudu ya sauka a Zuba. Bayan rasuwarsa a 1825 ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake yi wa laƙabi da Abu Ja, ya gaje shi, kuma a 1828 ya kafa garin da ya ci sunansa. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya. Masarautar ta ba da ƙasa mai yawa, ta kuma ba da sunanta. Tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har gobe ana kiran sarkin garin da Sarkin Zazzau Suleja.

To, me ya shafi ɗalibin harshe a nan? Abubuwa da yawa. Mutanen Makau ba su fito hannu rabbana ba, sun zo da tsarin sarautar Zazzau na dauri, da muƙamai irin su Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu, har da sarautun mata kamar Iya da Sarauniya. Malam Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin garin da al'adunsa da Hausa, aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a 1952. Masanin nan M. G. Smith ya dogara da bayanan Abuja wajen fayyace yadda mulkin Zazzau yake kafin jihadi, a littafinsa na 1960. Tambayata ita ce, mu nawa ne a ajinmu muka taɓa buɗe ɗaya daga cikin waɗannan littattafai?

Haka kuma a wannan gari ne Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. A nan Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, ta shiga a 1954, ta shahara har aka nuna tukwanenta a Landan. Hotonta ne a bayan takardar Naira 20, kamar yadda aka sa Dutsen Zuma a bayan Naira 100 a 1999. Wato tarihin wannan yanki ya daɗe yana yawo a aljihunmu, mu kuwa ba mu sani ba.

Wani zai ce ai yawon buɗe ido aikin masu kuɗi ne, ɗalibi yana fama da kuɗin makaranta da na abinci. Ban musa ba. Amma mutanenmu da suka je Landan sukan biya kuɗi su bi layi don ganin tsohuwar hasumiyar birnin, su dawo suna ba mu labarin sarakunan Ingila dalla-dalla. Abin da ya sa wuraren can suka yi suna shi ne masu su sun rubuta labarinsu sun adana. Namu kuwa yana cikin ƙwaƙwalwar tsofaffi, kuma tsofaffin suna ƙarewa. Tun da gwamnati ta tare a sabuwar Abuja a 1991, Suleja ta cika da ma'aikatan da ke kwana a nan su yi sammako zuwa birni. Idan baƙi suka fi 'yan gida yawa, kirari da waƙoƙin fada da tsofaffin kalmomi su ne farkon ɓacewa.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta shirya ziyara zuwa Suleja. Mu nemi izini a fada, mu zauna da dattawa da makaɗa da maroƙa, mu naɗi muryoyinsu. Masu neman batun kundin digiri su kwatanta Hausar Suleja da ta Zariya, su duba tasirin maƙwabtaka da Gbagyi da Koro a kanta. Wannan ya fi maimaita batutuwan da aka riga aka tauna aka zubar.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. In Allah ya sake kai ka gindin Zuma, ɗauki hotonka, amma ka ratse ka shiga gari ka gaida masu shi.