Ɓoye Sunan Wi-Fi Ba Ya Kulle Ƙofa

A watan azumin da ya wuce wani dattijo maƙwabcina a Malali ya aiko a kira ni, domin kwamfutar cinya da ya saya wa ɗiyarsa, ɗaliba a Jami'ar Jihar Kaduna, ta ƙi ganin Wi-Fi ɗin gidansa, alhali kuwa wayoyin mutanen gidan duka suna kamawa. Sau biyu ya kai ta wurin mai gyara, aka karɓi kuɗinsa, aka ce katin cikinta ne ya mutu. Da na zauna na yi nazari sai na tarar katin lafiyarsa ƙalau. Illar ta taso ne daga abu biyu da suka gamu: wanda ya kafa masa na'urar Wi-Fi ɗin ya ɓoye sunanta don kada yaran unguwa su shanye masa data, na'urar kuma ta zauna a kan tasha ta 13, ita kuwa kwamfutar gwanjon Amurka ce.

Bayanin mas'alar shi ne, zangon iskar da galibin na'urorin gidajenmu ke amfani da shi, wato 2.4 GHz, an yanka shi tasha-tasha, kowace ƙasa kuma da haddin da hukumarta ta gindaya. Amurka ta tsaya a tasha ta 11, mu da Turai muna kaiwa 13, Japan ce ta buɗe ta 14. Waya tana gane ƙasar da take ta hanyar layin da ke cikinta. Kwamfutar da aka ƙera don kasuwar Amurka kuwa, ko wadda ba ta tabbatar da inda take ba, to ko dai ba za ta leƙa tasha ta 12 da ta 13 ba sam, ko kuma ta kasa kunne kawai, ba a yarje mata ta yi magana ba. Na'urar da aka bari a sarari tana shelar sunanta kamar sau goma a kowace daƙiƙa, mai sauraro ya ji ya shiga. Wadda aka ɓoye sunanta ba ta amsawa sai an kira ta da suna. Mai gida ya ce ba zai fito ba sai an yi sallama, baƙo kuma an haramta masa sallama, to ta yaya za su gana?

Abin da ya fi damuna shi ne, wannan wahala duka ba ta haifar da wata fa'ida ba. Duk sa'ar da wayar wani ɗan gida ta haɗu da na'urar, sai ta ambaci sunan nan a fili, wanda duk ke da manhajar sauraro, wadda ake samu kyauta, zai ji shi. Bugu da ƙari, wayar da ta haddace ɓoyayyen suna takan yi ta kiransa duk inda mai ita ya sa ƙafa, a tashar Kawo ko a Kasuwar Barci, tana tallata sirrin da aka ba ta amana. Makullin haƙiƙa shi ne tsarin WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018, tare da doguwar kalmar sirri wadda ba lambar wayar maigida ba ce, ba kuma sunan autansa ba.

Akwai kuma masu canza ƙasar da aka saita wa na'ura da gangan don neman ƙarin ƙarfi. Ban yarda da wannan ba, domin iska haƙƙin jama'a ce, dokar sadarwa ta 2003 kuma ta ɗora kula da ita a wuyan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC. Wanda ya wuce haddi, maƙwabcinsa yake dannewa.

A gidan dattijon nan kuwa, mun bayyana sunan, muka mayar da na'urar tasha ta 6, muka sauya kalmar sirri, kafin a kira sallar la'asar yarinya ta shiga karatunta. Roƙona ga masu kafa waɗannan na'urori, daga shagunan titin Ahmadu Bello har Unguwar Rimi da Tudun Wada, shi ne su saita ƙasa a kan Najeriya, su zaɓi tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11, waɗanda ba sa hawa kan juna kuma kowace na'ura tana ganinsu, su bar suna a sarari, sa'an nan su zauna su bayyana wa maigida dalili kafin su karɓi ladan aikinsu.