Da ɗan gari akan ci gari, amma jirgin ruwa ba ya jiran kowa

A ranar 27 ga watan Maris na 2024, jirgin ruwan yawon shaƙatawa mai suna Norwegian Dawn ya tashi daga tsibirin Sao Tome da ke mashigin tekun Gini, ya bar fasinjojinsa takwas a tudu. Shida daga cikinsu Amurkawa ne, biyu 'yan Ostareliya. Sun fita zagaya tsibirin ne da ɗan jagoran da suka ɗauka da kansu, ba wanda kamfanin jirgin ya tanada ba, kuma ba su dawo ba sai bayan ƙarfe 3 na rana, lokacin da aka ɗibar wa kowa ya koma.

Kamfanin ya damƙa fasfunansu a hannun wakilinsa na tashar, jirgi ya kama hanya. Sai da suka ratsa ƙasashe da dama, suka je Banjul ta Gambiya inda jirgin ya kasa tsayawa saboda janyewar ruwa, kafin su cim masa a Dakar ta Senegal bayan kusan mako guda.

Darasin da mutane da yawa suka ɗauka daga labarin shi ne kada fasinja ya kuskura ya rabu da motar kamfani. Wannan hukunci ya yi tsauri. Ga iyali mai yara da tsofaffi, ɗaukar ɗan jagora na kai yakan fi alheri a biranen da ke dab da tasha. Inda yake zama ganganci shi ne wuraren da abin kallon ke da nisa da bakin teku.

Batun ya fara shafar jama'armu, ko da yake tafiyar ta masu hali ce. Tun a watan Disambar 2024 jirgin AROYA na Saudiyya ya fara ɗaukar fasinjoji daga Jidda zuwa yawon Bahar Maliya, birnin da dubban alhazai da masu Umara daga Najeriya da Nijar ke ratsawa kowace shekara.

Yadda tsarin yake

Irin waɗannan jirage sukan tsaya a kowace tasha na 'yan sa'o'i, galibi daga safiya zuwa yamma. Ana sanar da lokacin komawa, wanda yawanci yakan riga lokacin tashi da rabin sa'a. Idan jirgin bai iya matsowa gaɓa ba, kamar yadda ya kasance a Sao Tome, ƙananan jiragen fito ne ke jigilar mutane, kuma na ƙarshensu yakan tashi tun kafin lokacin.

Fasinja yana da zaɓi biyu. Ko dai ya sayi tikitin zagayen da kamfanin jirgin ke sayarwa, ko ya nemi ɗan jagora na kansa. A zaɓi na farko, idan mota ta makara, jirgi zai jira ko kuma kamfani ya ɗauki nauyin kai mutum tasha ta gaba. A na biyu, duk abin da ya faru a wuyan fasinja yake. Wannan tabbaci shi ne ainihin abin da kamfanin ke sayarwa, shi ya sa kuɗinsa ke da tsada.

Abin da iyali ke samu

Duk wanda ya taɓa zuwa ziyara a Madina ya san bambancin. Motar ayari takan tsaya a Uhudu da Masallacin Ƙuba na ɗan lokaci, a ce kowa ya hanzarta. Wanda ya ɗauki mota da mai yi masa bayani kuwa, shi ke da iko da lokacinsa.

Haka abin yake a birni irin Istanbul na Turkiyya. Tashar Galataport da aka buɗe a 2021 tana cikin gari, kuma jirgin ƙasa na cikin birni yana ɗaukar mutum ya tsallake gadar Galata zuwa unguwar Sultanahmet cikin ɗan lokaci. A wannan unguwa ne Aya Sofiya take, ginin da aka kammala a shekarar 537, ya zama masallaci bayan cin birnin a 1453, aka mayar da shi gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan aka dawo da salla a cikinsa a 2020. Daura da shi akwai Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida, ga kuma fadar Topkapi inda ake ajiye kayayyakin da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbansa.

Babbar mota mai ɗauke da mutum 40 ba za ta tsaya ba don yaro ya gaji, ko don Hajiya tana fama da ciwon gwiwa. Ba za ta sauya tsari don lokacin Azahar ya yi ba. Ɗan jagora na kai zai iya duk wannan. Ya san cewa ana dakatar da masu kallo a masallatai a lokutan salla da safiyar Juma'a, ya san fadar Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata, ya san babbar kasuwar Kapalicarsi a rufe take ranar Lahadi. Baƙon da bai san wannan ba zai iya ɓata rabin yininsa a bakin ƙofar da ba za a buɗe ba.

Akwai kuma batun kuɗi. Kamfanin jirgi yana caji ne a kan kowane kai, alhali 'yan jagora da yawa kuɗin yini suke yankawa ga ayari gaba ɗaya. Mutum ɗaya ko biyu za su ga abin da tsada. Magidanci mai mutum shida ko bakwai kuwa, idan ya yi lissafi, sau da yawa zai tarar tazarar ba ta da yawa.

Wa ke cin ribar baƙo?

Biranen da waɗannan jirage ke zuwa sun daɗe suna kokawa cewa dubban mutane na sauka lokaci guda, su cika tituna, su koma jirgi su ci abinci su kwana, ba tare da gari ya ga abin kirki ba. Italiya ta hana manyan jirage shiga tsakiyar Venice tun daga watan Agustan 2021. Dubrovnik ta Kuroshiya ma ta taƙaita yawan jiragen da za su tsaya a rana.

A tikitin da aka saya cikin jirgi, kamfani yakan cire kasonsa kafin ragowar ta isa hannun masu aikin a gari. Wanda ya ɗauki ɗan jagora kai-tsaye, kuɗinsa na zuwa ne ga ɗan garin, da direba, da mai gidan abincin da suka tsaya. Baƙon da ke son a yi marhabin da shi ya kamata ya bar wani abu a garin da ya sauka.

Inda haɗarin yake

Duk wannan alheri yana rushewa idan tasha ta yi nisa da abin kallo. Jirgin da aka ce zai tsaya a birnin Rum, a gaskiya a Civitavecchia yake tsayawa, mai nisan kimanin kilomita 80. Wanda ya sauka a Iskandariyya da niyyar ganin dalar Giza yana da tafiyar fiye da kilomita 200 a gabansa, wato kusan sa'o'i uku zuwa, uku dawowa, ban da cunkoson Alƙahira. Taya ɗaya ta fashe a wannan hanya, lissafi ya ɓaci. A irin waɗannan wurare, hankali ya fi karkata ga bin motar kamfani, ko da za a yi haƙuri da gaggawarta.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana da ƙarin dalilin taka-tsantsan. Ba'amurken da jirgi ya bari zai iya sayen tikitin jirgin sama ya shiga ƙasashe da yawa ba tare da biza ba. Ɗan Najeriya ba shi da wannan gatan. Yana buƙatar bizar Schengen kafin ya taka Italiya ko Girka ko Sifaniya, kuma idan tafiyar ta fita daga yankin zuwa Turkiyya ta sake dawowa, sai bizar da ke ba da damar shiga fiye da sau ɗaya. Makarar da za ta jawo wa wani asarar kuɗi kawai, tana iya barin magidanci da matarsa da 'ya'yansa a ƙasar da ba su da izinin daɗewa, kayansu da magungunansu suna cikin jirgi.

Sai kuma matsalar ɗan jagoran bogi. A Turkiyya, dokar da aka yi a 2012 ta wajabta lasisi ga mai wannan sana'a, kuma masu lasisin sukan rataya katin shaida a wuya. Italiya da Girka da Masar ma suna da tsarin lasisi. Wanda ya tare baƙo a bakin tasha da farashi mai rahusa, sau da yawa la'adar da zai samu a shagon darduma ko turare ce a ransa. Nan ne ake cinye sa'ar da ya kamata a yi amfani da ita wajen komawa.

Abin da ya kamata

Iyalin da suka zaɓi ɗan jagora na kansu su kammala magana da shi tun kafin su bar gida, a rubuce, tare da ganin lasisinsa da bayanan waɗanda ya yi wa aiki a baya. A amince cewa za a fara da wuri mafi nisa, a ƙare da mafi kusa da tasha, kuma a dawo aƙalla sa'o'i biyu kafin lokacin komawa. A faɗa masa tun farko ko ana son shiga kasuwa ko ba a so.

A daidaita agogo da lokacin jirgi, domin wayar hannu takan sauya da kanta zuwa lokacin ƙasar da aka sauka, kuma ba kullum suke zama ɗaya ba. A riƙe lambar wakilin jirgin na tashar, wadda akan buga a takardar shirin yini. A fita da magungunan dole, da katin banki, da fasfo ko kwafinsa gwargwadon abin da jirgi ya umarta. A kuma bincika ko inshorar tafiyar ta ƙunshi rasa jirgi.

Kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Kano da Abuja da Yamai da ke sayar da irin wannan tafiya suna da nasu nauyin. Bai isa a nuna wa mai saye hoton jirgi da jerin birane ba. Wajibi ne a faɗa masa nisan kowace tasha daga gari, da irin bizar da kowace ƙasa ke nema, da abin da zai biyo baya idan ya makara. Magidancin da ya tara kuɗi don ya nuna wa iyalinsa duniya ya cancanci ya san duk wannan kafin ya biya ko kwabo.