Kasuwa Ba Ta Ci Da Rumfuna Kawai: Abin Da Ya Kashe Wayar Windows

A cikin watan Oktoba na shekarar 2017, wani babban jami'in kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka, Mista Joe Belfiore, ya fito fili ya faɗi abin da masu saye da sayarwa suka daɗe da sani, wato ƙera sababbin wayoyi masu tsarin Windows ba ya cikin abubuwan da kamfaninsu ya sa gaba. Ya kuma kawo hanzarinsa. Ya ce sun yi bakin ƙoƙarinsu don su jawo hankalin masu rubuta manhajoji, sun ba su kuɗi, har sun ɗauki nauyin rubuta wa waɗansu manhajojinsu, amma masu riƙe da wayar sun yi ƙaranci ƙwarai, saboda haka yawancin kamfanoni ba su ga dalilin zuba jarinsu ba.

Tun daga lokacin har yau, waɗanda suka so wannan waya, kuma suna da dalilin sonta domin ga sauƙin sarrafawa ga kyamara mai kyau, sukan ɗora alhakin mutuwarta a kan masu rubuta manhajoji, su ce su ne suka juya mata baya. A ganina wannan hukunci bai yi daidai ba. Masu rubuta manhaja 'yan kasuwa ne, kuma lissafin da kowane ɗan kasuwa zai yi shi suka yi. Babban laifin yana wuyan mai kasuwar, wanda ya iso a makare, ya yi zaton kuɗi zai saya masa abin da sai haƙuri da cika alkawari ke samarwa, sa'an nan ya yi ta rushe rumfunan 'yan tsirarun da suka amince da shi.

Domin mai karatu ya gane inda maganar ta dosa, ya kamata a fara da bayani. Kowace wayar zamani tana da babban tsarin da ke tafiyar da ita, kamar Android na kamfanin Google ko iOS na kamfanin Apple. A bisa wannan tsari ake ɗora manhajoji iri iri, ta banki da ta hira da ta kallo da ta taswira. Manhajar da aka rubuta domin wani tsari ba ta aiki a kan wani, sai an sake rubuta ta, an ɗauki ma'aikata, an kuma ci gaba da yi mata gyara muddin tana raye. Misalin sabon tsarin waya kamar sabuwar kasuwa ce da hukuma ta gina a bayan gari. Ko da an rufa mata kwano, an ja mata ruwa da lantarki, mai tumatir ba zai kasa kayansa a can ba sai ya ga masu saye, su kuwa masu saye ba za su biya kuɗin mota su je ba sai sun tabbata za su sami tumatir. Haka kowa zai yi ta jiran kowa har ciyawa ta cinye rumfunan.

To, bari mu duba lissafin. A shekarar 2013, lokacin da wayar Windows take ganiyarta, rabonta a cikin wayoyin zamani da aka sayar a duniya bai kai kashi 4 cikin 100 ba, kafin 2016 ta ƙare kuwa ya faɗi ƙasa da kashi 1. Albashin ma'aikacin da zai rubuta manhaja domin mutane uku daidai yake da na wanda zai rubuta domin mutane saba'in. Wane mai jari ne zai biya albashi iri ɗaya don ciniki irin wannan? Shi ya sa manhajar Instagram, wadda ta fito a kan iPhone a 2010, ta kuma iso Android a 2012, ba ta leƙo wayar Windows ba sai a watan Nuwamba na 2013, shi ma a matsayin gwaji. Snapchat bai taɓa zuwa ba, wasan Pokémon Go da ya ruɗa duniya a 2016 ma haka. A farkon 2015 manyan bankuna biyu na Amurka, Chase da Bank of America, suka janye manhajojinsu. Duk wanda bankinsa ya bar wayarsa kuwa, ba ya bukatar a gaya masa irin wayar da zai saya nan gaba.

Wannan ƙarancin masu saye yana da mafari, domin ruwa ba ya tsami banza. Apple ya fito da iPhone a 2007, ya buɗe rumbun manhajojinsa a watan Yuli na 2008, Google ya bi baya da nasa a watan Oktoba na wannan shekara. Shugaban Microsoft na lokacin, Mista Steve Ballmer, dariya ya yi wa iPhone, yana cewa ta yi tsada kuma ba ta da maɓallan rubutu. Sai a ƙarshen 2010 aka fito da Windows Phone 7, bayan masu rubuta manhaja sun shekara biyu suna koyon aikin waɗancan tsare-tsare suna kuma cin riba. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Bugu da ƙari, Google yana ba masu ƙera waya Android kyauta, alhali Microsoft yana karɓar kuɗi a kan kowace waya, bai kuma daina ba sai a 2014.

Da kamfanin ya ga rumfuna ba kowa, sai ya buɗe bakin jaka. A 2013 har ya yi shelar zai biya dala 100 a kan kowace sabuwar manhaja da aka kawo rumbunsa. Adadi ya hau, domin a 2014 manhajojin sun haura 300,000, lokacin da Apple da Google kowanne ya wuce miliyan ɗaya. Amma mai waya ba ya ƙirga manhajoji. Guda goma ko ashirin ɗin da abokansa da bankinsa suke amfani da su yake nema, in ɗaya ta ɓace a cikinsu, dubu ɗari uku ba su rage masa komai ba. Har ila yau, ɗan kasuwar da aka biya don ya zauna a rumfa zai zauna ne gwargwadon kuɗin da aka ba shi. Da yawa daga cikin manhajojin da aka samu ta wannan hanya an bar su ba gyara, 'yan'uwansu na Android da iPhone suna samun sababbin abubuwa, su kuwa suna tsufa a inda aka ajiye su.

Duk da haka, ƙaramar kasuwa tana iya rayuwa in waɗanda ke cikinta sun tabbata gobe ma tana nan. A nan ne Microsoft ya yi babbar ɓarna, har sau uku. Na farko, da aka fito da Windows Phone 7 a 2010, duk manhajojin da aka rubuta domin tsohon tsarin kamfanin, wato Windows Mobile, suka zama ba su da amfani a kan sabuwar wayar. Na biyu, a watan Yuni na 2012 aka ba da sanarwar cewa babu wayar Windows Phone 7 ko ɗaya da za ta karɓi sabon tsarin Windows Phone 8, har da Lumia 900 wadda aka fara sayarwa a Amurka wata biyu kacal kafin nan. Na uku, a ƙarshen 2014 aka yi alkawarin cewa wayoyin Lumia masu Windows Phone 8 duk za su sami Windows 10, amma da lokacin ya zo a watan Maris na 2016 sai aka tsame da yawa, ciki har da Lumia 520, wadda ta fi kowace wayar Windows samun karɓuwa. A kowane juyi kuma akan canza wa masu rubuta manhaja kayan aiki, a ce su koyi sabuwar hanya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, balle wanda aka sara sau uku.

Masu ganin laifin Google suna da tasu hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Google ya ƙi rubuta manhajojinsa na taswira da wasiƙu da YouTube domin wayar Windows. Da Microsoft ya rubuta ta YouTube da kansa a watan Mayu na 2013, Google ya ce a cire ta domin ba ta nuna talla, da aka gyara aka dawo da ita a watan Agusta kuma ya toshe ta. Ko shakka babu, wannan aikin mai hana kishiya shigowa ne. Sai dai laifi tudu ne. A watan Nuwamba na 1999, a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Microsoft, Mai shari'a Thomas Penfield Jackson ya bayyana cewa abin da ke kare Windows a kan kwamfuta shi ne tarin manhajoji fiye da 70,000 da aka rubuta dominsa, waɗanda suka zama katanga da tsarin OS/2 na kamfanin IBM ya kasa tsallakewa. Ashe kuwa babu kamfanin da ya kai Microsoft sanin tsayin wannan katanga, tun da a bayanta ya yi arziki. Shi kansa Mista Bill Gates ya faɗa a 2019 cewa barin Android ya ci wannan fage shi ne kuskurensa mafi girma, domin wurin mutum ɗaya ne kawai ya rage bayan Apple.

Shin da akwai hanyar tsira? Alamu sun nuna da akwai, ko da ƙanƙanuwa ce. Wayoyin Lumia masu araha sun sami shiga, har a ƙasar Italiya rabon Windows ya haura kashi 10 cikin 100 a 2013. Da an riƙe waɗannan masu saye, an tsaya a kan tsari ɗaya shekaru masu yawa, da watakila an sami gindin zama. Maimakon haka, Microsoft ya sayi sashen waya na Nokia a kan kimanin dala miliyan 7,200, ciniki ya kammala a watan Afrilu na 2014, amma kafin watan Yuli na 2015 ya wuce ya rubuta hasarar dala miliyan 7,600, ya kuma ba da sanarwar sallamar ma'aikata 7,800. Dabarar da aka yi shela a 2015, wadda za ta sa manhajojin Android su yi aiki a kan wayar Windows, an soke ta a watan Fabrairu na 2016. In mai kasuwa da kansa ya fara kwance kwanon rufi, da wane baki zai zargi mai rumfa don ya naɗe tabarmarsa? Shugaban kamfanin, Mista Satya Nadella, ya amsa a 2023 cewa in ya waiwaya yana ganin da akwai hanyoyin da za a bi abin ya yiwu.

Hasarar ba ta tsaya a kan Microsoft ba. Nokia, kamfanin ƙasar Finland wanda ya daɗe yana gaban kowa wajen ƙera waya, wanda kuma sunansa ya shiga kowane gida a Nijeriya tun zuwan wayar salula a 2001, ya jingina makomarsa ga Windows a watan Fabrairu na 2011, bayan shekara uku kuwa ya rabu da sashen wayarsa. Mutanenmu da suka sayi Lumia saboda amincin sunan Nokia su ma sun ɗanɗana, domin a ranar 31 ga Disamba, 2019 WhatsApp ya daina aiki da wayoyin Windows. BlackBerry 10 na Kanada da Firefox OS, waɗanda suka shigo kasuwa a 2013, duk wannan katanga ce ta tare su. Yanzu in an cire ƙasar Sin, inda kamfanin Huawei ya fito da tsarin da ba ya karɓar manhajojin Android a 2024, kusan duk wayar zamani da ake sayarwa tana ƙarƙashin Google ko Apple. Su ke yanke abin da zai shiga rumbu, su ke yanke la'adar da za su cira, wadda ta daɗe tana kashi 30 cikin 100. Har sai da Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro miliyan 4,340 a 2018 saboda sharuɗɗan da ya gindaya wa masu ƙera wayoyin Android, ko da yake kotu ta ɗan rage kuɗin daga baya.

Bisa ga haka, akwai abin da ya rataya a wuyan hukumomi da bankuna a nan gida. Ba za a tilasta wa ɗan kasuwa ya rubuta manhaja domin tsarin da ba shi da jama'a ba, amma ana iya rage wa katangar tsayi. Duk wata hidima da jama'a ba su da makawa sai da ita, kamar biyan haraji ko tura kuɗi ko rajistar jarrabawa, ya kamata a tanade ta a shafin intanet da kowace waya za ta iya buɗewa, da kuma lambobin nan masu farawa da tauraro waɗanda ko ƙaramar waya tana iya dannawa, kafin a yi maganar manhajar Android ko ta iPhone. In an yi haka, ranar da wani kamfani a Amurka ya yanke shawarar rufe tsarinsa, talakan da ya tara kuɗi ya sayi waya ba zai wayi gari an rufe masa ƙofar bankinsa ba. Shi kuma mai saye, kafin ya dubi kyan kyamara da faɗin fuska, ya tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin kula da wayar, ya kuma bincika ko ya cika irin wannan alkawari ga waɗanda suka saya kafin shi.