RA'AYINMU: Hoton Mutum Ma Amana Ne

Daga Jekadafari zuwa Pantami, daga Bolari zuwa Tudun Wada, da wuya mako ya wuce ba a nemi hoton wani daga cikinmu ba. Mai gidan haya zai ce a kawo fasfo biyu, masu sintirin unguwa su ce suna rajistar baƙi, masu rabon tallafin azumi kuwa sai sun jera zawarawa da marayu sun ɗauke su hoto da buhun shinkafa a gabansu kafin su sallame su. Mu da iyayenmu ko kakanninmu suka zo Gombe daga ƙasar Kano, Katsina, Zazzau da Sakkwato mun saba miƙawa ba tambaya, don gudun kada a ce baƙo ya cika ƙorafi. To, shin doka ta ɗauki hoton mutum a matsayin bayanansa da ya wajaba a kiyaye?

Amsa ita ce ƙwarai kuwa. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin kowane ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa. A shekarar 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, inda ta ambaci hoto ƙarara tare da suna da adireshi. Daga bisani, a watan Yunin 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Sashe na 65 na dokar ya ce duk wani bayani da za a iya gane mutum da shi, kai tsaye ko a kaikaice, bayanansa ne. Babu kuwa abin da ake saurin gane mutum da shi kamar fuskarsa.

Akwai kuma rukunin bayanan da dokar ta ƙara tsaurara kariyarsu, ciki har da ƙabila, addini, lafiyar jiki, da siffar fuska idan na'ura ce ke auna ta don tantance mai ita, kamar yadda ake yi wajen rajistar katin ɗan ƙasa. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Duk rajistar da aka manna hoton magidanci a ciki, aka rubuta ƙabilarsa da garin asalinsa a gefe, ta shiga wannan rukuni. Idan irin wannan littafi ya faɗa hannun da bai dace ba a lokacin zaɓe ko wata husuma, kowa ya san abin da ka iya biyo baya.

Babban abin lura shi ne dokar ba ta tambayar takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Kariyar da ta ba wanda aka binne cibiyar kakansa a Gombe, ita ta ba wanda ya sauka a tasha jiya. Haka nan, ko da yake mukan ce shiru ma amsa ce, dokar ta ce shirun mutum ba yarda ba ne. Wanda ya yarda yana da ikon janyewa, ya nemi a goge hotonsa. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa, iyayensa ko waliyyinsa ne za su ba da izni.

Sai dai dokar tana da iyaka. Ba ta hana ɗaukar hotunan biki ko suna don ajiyar iyali ba, muddin ba a keta sirrin wani ba. Ta kuma sassauta wa 'yan jarida a kan abin da ya shafi maslahar jama'a, da hukumomin da doka ta ɗora wa binciken laifi. Amma kamfani ko ƙungiyar da ta saɓa, tararta na iya kaiwa naira miliyan 2, manya kuma miliyan 10, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara idan shi ya fi yawa. Tun a 2021 NITDA ta ci kamfanin rance na Soko tarar naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu cin bashi.

Don haka muna kira ga magidanta: kafin ku miƙa fasfo, ku tambaya cikin ladabi me za a yi da shi, wa zai ajiye, kuma har zuwa yaushe. Muna roƙon masu bayar da tallafi su daina sanya ɗaukar hoto ya zama sharaɗin karɓar abinci. Wanda aka yaɗa hotonsa ba da yardarsa ba ya ajiye shaida, ya nemi a cire a rubuce, in an ƙi ya kai kuka ga NDPC ko kotu.

Mu ma wannan doka ta hau kanmu. Rajistar 'yan ƙungiya da hotunan taronmu amana ce a hannun shugabanni, kada wanda ya watsa su a WhatsApp ko Facebook ba da iznin masu su ba. Hoto zarar bunu ne, in ya fita ba ya komawa. Allah Ya rufa mana asiri, amin.