Filin Harshe: Leɓe da «lip», kama da wane ba wane ba ne

Tun da kundin sake gina ƙasa na shekarar 2025 ya ɗaukaka Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, sanin Ingilishi ya tashi daga zama ado. Ɗan makarantar Azarori, cikin gundumar Madawa, yana fara shi tun ajin farko na kwaleji, kuma cikin kalmomin jiki da malami ke rubutawa a allo akwai «lip», wato leɓe, jam'inta «lips». Da jin ta sai yaro ya tuna «lèvre» ta Faransanci, ya tuna leɓe ta gidansu, ya ce ai duk abu guda ne. Har manya akwai masu cewa Bahaushe ya ara daga Nasara, wasu kuma su rantse Nasara ne ya ara.

Tsakanin biyun farko akwai zumunta. Kimanin shekara 1000 da suka wuce, Ingilishi na dauri yana cewa «lippa», kuma har yau Jamusawa «Lippe» suke cewa. «Lèvre» kuwa ta fito daga «labrum» ta Latinanci, mutanen Farisa su ce «lab». Masana da dama suna mayar da su duka ga saiwa guda, domin harsunan nan ƴan kaka ɗaya ne.

Hausa ba ta cikin wannan gida. Ita ƴar dangin harsunan Cadi ce, masu zumunta ta nesa da Larabci da Tamajak. Hujja mafi sauƙi tana bakin kowa: idan Bahaushe ya ari kalma mai «p», yakan mayar da ita «f», kamar fensir, fasinja, famfo da kofi. Da an aro «lip», da lifi za a ji. Harafin ɓ mai lanƙwasa kuwa Bature ba shi da shi, balle ya ba wani. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo leɓe cikin kalmomin Hausa. Mai neman aro na gaskiya a wannan fanni ya dubi rawanin Abzinawan Kel Geres, maƙwabtan Hausawa a ƙasar Madawa: amawali, wanda ke rufe baki da leɓɓa, daga «amawal» ta Tamajak ya shigo.

Abin dariya shi ne, kalmar leɓe ce ke tona asirin leɓɓan mai faɗarta. Ingilishi ya raba «p», wadda ake haɗa leɓɓa biyu a sake su, da «f», wadda ake ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Hausa ba ta yi wannan rabo ba. A Adar da Gobir ma, daga Keita da Buza har Madawa, inda Bakano zai ce fari sai a ji hwari. Saboda haka yaro yakan ce «lif», kuma «leap», tsalle, ta koma masa «leaf», ganye. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, sabon baki ne, kuma madubi ɗan ƙarami ya fi tsawa saurin gyara shi.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne wajen ma'ana. Abubuwa da yawa da Bature ya rataya wa leɓe, Bahaushe baki ya rataya wa. «Lip» na kwano ko na tulu bakinsa ne, babu mai cewa leɓen tulu. «Lipstick», wanda Faransawa ke kira «rouge à lèvres», shi ne jan baki. Wanda ya ce leɓɓansa a liƙe suke, alkawarin kama baki ya yi. Yaron da ya ba babba «lip» kuwa tsiwa ya yi masa. A cizon leɓe ne kawai harsunan biyu suka yi kusa da juna, don ko'ina alama ce ta danne abin da ke cin rai.

Wadda ta fi dacewa mai karanta jarida ya riƙe ita ce «lip service». Mai fassara kalma da kalma zai ce hidimar leɓe, ba wanda zai gane. Hausa tana da tata tun tuni: magana a fatar baki, wadda ba ta kai zuci ba. A 1988, ɗan takarar shugabancin Amurka George Bush ya tsaya gaban taron jam'iyyarsa a New Orleans ya ce wa jama'a su karanta leɓɓansa, ba za a ƙara haraji ba. A 1990 ya sa hannu a kan ƙarin haraji. A zaɓen 1992 abokan hamayya suka yi ta maimaita masa kalmar, Bill Clinton ya kayar da shi.